Ɗan Madarunfa da raƙuman teku

Ga labarin wani mutumin ƙasar Maraɗi da ya tafi bakin teku a wata ƙasa mai nisa. Ya yi wanka, ya yi kallo, ya ci kifi cikin dare, ya kuma sha ruwan gishiri har ya kusa barin duniya.

Likitan bisashe ne, mai shekara 46. An haife shi a wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa. Can ya koyi iyo tun kafin a yi mishi kaciya. In damina ta yi nisa, Gulbin Maraɗi ya kawo ya cika baki da baki, shi ne saurayin da ke ƙetarar da mata da kayansu ranar kasuwa. Har ya girma bai daina faɗin haka ba. In ana hira anka zo maganar ruwa, sai ya bugi ƙirji ya ce shi ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba. Ku riƙe wannan magana, za ta dawo.

Ya yi karatun bisashe a Najeriya, don haka yana jin Ingilishi bayan Faransanci. Shi ya sa a farkon watan Yuni na 2023, ana saura mako uku Layya, anka aike shi wani taro na kiwon tumaki a tsibirin Barbados, cikin yankin da ake kira Karibiyan, kusa da ƙasashen Amurka.

Ina ne Barbados?

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. In mutum ya tashi daga Madarunfa ya miƙe yamma sak, bai karkata dama ko hagu ba, zai yi ta ratsa ƙasashe har ya kai bakin teku wajen Gambiya. Daga nan ruwa ne zalla, kilomita wajen 4,500, ba tudu ba itace. Ƙasar farko da zai taka ita ce Barbados. Amma jirgin sama ba ya bin wannan hanya. Likita ya tashi daga Yamai zuwa Paris, daga Paris zuwa Landan, sannan ya yi awa 8 da ƴan kai bisa teku. Tsakanin agogonsu da na Nijar awa 5 ne. In ana kiran azahar a Maraɗi, can hantsi ne.

Ƙasar ƙarama ce ƙwarai. Tsawonta kilomita 34, faɗinta 23. Mai jaki in ya yi sammako daga kudu, zai yi magariba a bakin ruwa na arewa. Mutanenta wajen 280,000 ne. Galibinsu baƙar fata ne, jikokin bayin da anka kwaso daga yammacin Afirka. Ingilishi sun sauka tsibirin a 1627, ba a daɗe ba sunka mai da shi gonar rake gaba ɗaya, bayi na nomawa. An soke bauta a 1834, ƙasar ta samu mulkin kai a 1966, shekara 6 bayan Nijar.

Abin da ya fara ba likita mamaki da ya sauka shi ne sararin sama. Ya zaci zai gan shi garau kamar yadda ake nunawa a hoto. Sai ya ga hazo, rana ta yi fari fat kamar ta lokacin hunturu a gida. Ya ce a ranshi: hazo cikin watan Yuni, kuma a tsakiyar ruwa? Bai tambayi kowa ba.

Kwana uku anka yi ana taro ana zagaya garken mutane. Tumakinsu ja ne masu baƙin ciki, ba baƙin ciki na zuciya ba, cikin ne baƙi ƙirin kamar an shafa musu gawayi. Gashi ne da su irin na tumakin gida, ba ulu ba, kuma masana sun ce asalinsu daga yammacin Afirka ne, tare da bayi anka kai su. Ba su kai balami girma ba, amma wajen haihuwa sai dai a gwada su da jar akuyar Maraɗi: tagwaye, wani lokaci uku. Ragon kuwa ba shi da ƙaho ko kaɗan. Likita ya daɗe yana shafa kan wani rago yana dariya shi kaɗai, yana tunanin wa zai saye shi a kasuwar Layya.

Wankan farko

Ranar Alhamis da la'asar anka tashi taro. Wani abokin aikinshi ɗan ƙasar, dattijo mai furfura, ya ce mishi: «Ɗan uwa, ba ka komawa gida ba ka shiga ruwanmu ba.» Sunka shiga motar haya, irin ƙananan farare da ke cika da mutane da kiɗa har kunne ya toshe. Dala uku da rabi ta ƙasar anka biya kowa, wajen jikka guda ke nan. Motoci can hannun hagu suke bi.

Sunka sauka kusa da garin Oyistin a kudancin tsibirin, sunka bi wata ƴar hanya zuwa bakin ruwa. Dattijon ya gaya mishi cewa a ƙasarsu bakin teku na kowa ne. Mai otel, komi kuɗinshi, ba shi da ikon hana talaka zama bisa rairayi. Har akwai ƴan hanyoyi da anka bari tsakanin manyan gidaje don mutane su kai ga ruwa. Likita ya ce: «Wannan ai burtali ne da mashaya.» Da ya yi mishi bayanin burtali, dattijon ya ce haka ne, kuma su ma sukan yi gardama a kai, don mai gini kullum yana so ya ɗan matsa.

Rairayin fari ne, mai laushi kamar garin gero da anka tankaɗe. Ruwan kuwa shuɗi ne mai haske, kana ganin yatsun ƙafarka a ƙasa. Ga yara na tsalle, ga tsofaffi sun shiga iya wuya suna hira kamar a gindin itace. Ga masu sayar da ɗanyar kwakwa, suna sare kanta da adda su miƙa maka ka sha. Ga wani mutum bisa wata ƴar rumfa mai tsawo, da usur a wuya, aikinshi ke nan tsaron masu wanka. In ya kafa tuta rawaya, a yi hankali. In ya kafa ja, kada kowa ya shiga.

Sai kuma baƙi. Nasaru maza da mata sun kwanta cikin rana da gangan, ba tufa sai ɗan abin da ba a rasa ba, suna shafa mai suna juyawa kamar ana gashin tsire. Likita ya rasa inda zai sa idonshi. Mutumin da ya tashi yana neman inuwa tun yana yaro, da wuya ya gane wanda ya biya kuɗin jirgi don ya zo ya kwanta a rana.

Ya tuɓe riga ya bar dogon wando, ya shiga. Kurɓin farko ya tofar. Gishiri ne kamar an jiƙa kantun Bilma. Zuciyar makiyayi ta motsa: duk wannan ruwa, ido bai ganin ƙarshenshi, amma saniya guda ba za ta iya sha ba! Lalle kuwa, ruwan shan ƙasar daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo mafi yawanshi, kuma ana lissafa ta cikin ƙasashen da ruwan sha bai wadace su ba. Amma iyo ya yi daɗi. Ruwan gishiri yana ɗaga mutum sama, ba kamar na tabki ba. Ya yi nisa ya dawo, ya sake yin nisa ya dawo. Dattijon ya tafa mishi. Likita ya fito yana cewa a ranshi: ashe tekun ke nan da ake ta faɗi.

Da za su tafi sunka bi ta wani lungun ruwa da ke gefe. Nan ya ga wani saurayi, gashinshi dogo a murɗe har kafaɗa, yana tura wata baturiya bisa wani dogon allo. Allon ya fi mutum tsawo. Ana kwanciya a kai, a yi ta tuƙi da hannu, in igiyar ruwa ta taso a miƙe tsaye bisa shi ta ɗauko mutum zuwa gaɓa. Baturiyar na miƙewa tana faɗuwa, saurayin na dariya yana sake tura ta. Likita ya girgiza kai ya ce: «Ƙato kamar wannan, ga ƙarfi ga lafiya, ya rasa aikin yi sai wasa da allo. A garinmu yanzu ana shuka.» Dattijon ya dube shi, ya yi murmushi, bai ce komi ba.

Daren Juma'a a Oyistin

Washegari ya yi sallar Juma'a a Birijtawun, babban birnin ƙasar. Musulmi kaɗan ne can, da yawansu jikokin mutanen Indiya ne. Daga masallaci dattijon ya kai shi gida. Uwargidan ta kawo abincin da ƙasar ke alfahari da shi, suna ce mishi kuku. Likita ya duba kwano ya duba matar. Tuwon masara ne! An tuƙa shi da muciya, sai dai an dafa kuɓewar cikin tuwon maimakon a yi ta miya daban. Ya ci loma uku bai yi magana ba. Wata baiwar Allah da anka raba da garinsu shekaru ɗaruruwa da sunka wuce, ba ta zo da komi a hannu ba, amma ta zo da wannan a ka.

Kifin da anka ɗora bisa tuwon shi ne kifi mai tashi. Ɗan ƙarami ne, bai wuce tsawon tafin hannu da rabi ba, yana da fiffike. In babban kifi ya biyo shi sai ya fito daga ruwa ya yi ta shawagi bisa iska kafin ya koma. Hotonshi ne bisa kuɗinsu na ƙarfe na dala guda.

Da dare sunka koma Oyistin. Garin masunta ne. Da rana kasuwar kifi ce kawai, da ƙarni da ƙuda. Amma duk daren Juma'a sai ta zama wani abu dabam. Rumfuna a jere, kowace da wuta, hayaƙi na tashi. Ana gasa yankan kifi masu faɗin tafin hannu biyu, daga kifayen da wani ya fi ɗan maraƙi nauyi. Tebura dogaye a waje, ɗan ƙasa da baƙo kafaɗa da kafaɗa. Can gefe dattawa na buga domino, suna maka shi bisa tebur da ƙarfi suna yi wa juna ba'a, sak masu dara a bakin kasuwa. A tsakiya an yi dakali, kiɗa na fita daga akwatuna masu tsawon mutum, samari na rawa har ƙasa na girgiza. A wani lungu kuma tsofaffi, miji da mata, sun sha ado, suna rawa riƙe da juna a hankali da kiɗan zamanin ƙuruciyarsu. Wannan ya fi komi burge shi, ko da yake ya san ko da bindiga ba za a sa tsohonshi ya yi haka ba.

Ana shan giya ƙwarai, irin wadda suke yi da ruwan rake. Shi an kawo mishi wani abin sha da ake dafawa da ɓawon itace, da ɗaci da zaƙi tare. Ya ga abubuwan da bai so ba. Ya ga wanda ya sha har ya kasa tsayuwa. Ya ga ƴan mata ƙanana da samari suna bin tsofaffin baƙi saboda abin aljihunsu. Duk inda kuɗi ya sauka da yawa cikin dare, irin wannan na biye da shi, a can ko a tashar mota ta kowane gari.

Kwanon kifi guda da ya ci ya tashi wajen jikka 10. Ya kasa haƙuri, ya ce wa mai rumfar, wata mace mai jiki da ɗaurin kallabi: «Uwar gida, wannan ai kuɗin abincin gidana ne na kwanaki.» Ta yi dariya tana juya kifi. Ta ce: «Malam, ku kuna girbi sau ɗaya a shekara, ni ina girbi daren Juma'a. Da wannan wuta na yi wa ƴaƴa uku karatu. Raken da kakannina sunka noma ya ƙare, injin sukari guda ya rage a ƙasar duka. Waɗannan da ka gani a tebur su ne gonarmu.» Ta nuna baƙin da cokali. Ta ce a 2020, da cutar korona ta tsai da jirage, ta yi watanni ba ta hura wutar nan ba. «Wannan ita ce shekarar farinmu.»

Gaskiya ta faɗa. A shekarar da likita ya je, baƙin da sunka kwana a tsibirin sun fi 600,000, ninki biyu na mutanen ƙasar. Ya kwanta a daren nan yana juya maganar. Amma bai haɗa ta da saurayi mai allo ba.

Kwanon Miya

Ranar Asabar dattijon ya ce zai nuna mishi ɗaya fuskar ƙasar. Sunka haye tudu sunka gangara gabas, zuwa wani ƙauye mai suna Batsheba. Tun kafin su ga ruwa sunka ji shi, yana ruri kamar hadari mai nisa. Sai kuma wari, kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Warin na wata ciyawar teku ce, ja-ja, da ta taru a gaɓa tsibi tsibi har gwiwa. Tun 2011 ta fara zuwa musu da yawa haka. Tana tasowa daga tsakiyar teku, iska ta koro ta. Tana toshe injin jiragen masunta, ta sa kifi mai tashi ya ragu a hannunsu, in ta ruɓe baƙi su gudu. A 2018 sai da gwamnatinsu ta ce abin ya zama bala'i na ƙasa, har soja sunka fito kwasa. Dattijon ya ce: «Ku kuna da fara, mu muna da wannan.»

Sunka wuce wurin ciyawar. Ga manyan duwatsu a tsaye cikin ruwa, gindinsu ya cinye kansu ya yi faɗi kamar rumbu. Bayan su kuma ga abin da Bahaushe ke kira raƙuman ruwa. Likita ya sha jin kalmar, amma sai ranar ya gane wanda ya raɗa ta ya san raƙumi. Suna tafe ayari ayari, ɗaya bayan ɗaya, kowane da tozo, wani ya fi soro tsawo. In ya kusa gaɓa sai ya miƙe, ya tanƙwaro kai, ya faɗi da kumfa kamar amale ya husata. Saboda kumfar nan ake kiran wurin Kwanon Miya da harshensu. Masu hawan allo daga ƙasashe da yawa suna zuwa gasa nan. Samari biyar ko shida na can ciki, zaune bisa allunansu suna jira. In babba ya taso sai ɗaya ya juya, ya tuƙa da sauri, ya miƙe, ya gangaro ta gefen tozon yana yanka shi kamar mai sukuwa.

A Batsheba ba a iyo. An rubuta a allon gargaɗi, dattijon kuma ya faɗa mishi da baki. Mutanen ƙauyen suna wanka ne cikin ƴan kududdufai da duwatsu sunka tare a gaɓa. Dattijon ya tafi sayo abin sha. Likita ya zauna cikin kududdufi, ruwa iya cibiya, tare da wata tsohuwa da jikokinta. Ɗan Madarunfa cikin kududdufi da yara! Abin ya tsaya mishi a rai. Ya duba gefe ya ga wani wuri tsakanin duwatsu biyu inda ruwan ya kwanta lumui, ba kumfa, ba raƙumi. Ya ce a ranshi: nan dai ko yaro ya shiga. Tsohuwar ta yi mishi magana, ƙarar ruwa ta hana shi ji, ko kuma bai so ji ba. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Taku biyar ya yi, ƙasa ta ɓace a ƙafarshi. Ya yi iyo kaɗan, ya juyo don ya koma. Sai ya ga duwatsun sun yi baya. Ya buga hannu da ƙarfi, irin bugun da yake ƙetare gulbi da shi. Ya ɗaga kai, duwatsun sun ƙara nisa. Ya ƙara ƙarfi. Wani raƙumi ya faɗo mishi a ka, ya juya shi kamar tsumma, ya sha ruwa. Ya fito ya yi tari, wani ya sake rufe shi. Hannuwanshi sunka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Dogon wandon ya naɗe mishi ƙafa. Yana hango tsohuwar ƴar mitsitsiya tana ɗaga hannu tana ihu. Ya tuna ƴarshi ta fari da anka sa ranar aurenta bayan kaka. Ya yi kalmar shahada, rabinta cikin ruwa.

Sai wani abu mai tauri ya bugi kafaɗarshi. Wata murya ta ce: «Kawu, kama allo! Kada ka kama ni, allon za ka kama!» Ya rungume shi da hannu biyu. Mai muryar ya turo shi bisa allon har ciki, ya ce: «Kwanta. Bar bugun ruwa. Numfashi kawai.» Maimakon ya nufi gaɓa, sai ya ja allon gefe, yana bin tsawon bakin ruwa. Likita ya so ya ce mishi ba nan ne tudu ba, bakin ya ƙi buɗuwa. Ba su yi nisa ba sai jan ya sake su, kamar an kwance igiya. Saurayin ya jira wani ɗan madaidaicin raƙumi, ya tura allon bisa shi. Haka likitan bisashe ya hau raƙumin ruwa, a kwance, ido rufe, har rairayi.

Da ya gama amai ya ɗaga kai, sai ya ga gashi dogo a murɗe har kafaɗa. Saurayin ranar Alhamis ne.

Korama cikin teku

Sunka zauna bisa dutse su uku, dattijon bai ce uffan ba don ɓacin rai. Saurayin ya ɗauki tsinke ya zana a rairayi. Ya ce raƙuman nan kullum suna zuba ruwa bisa gaɓa, kuma dole ruwan ya koma. Sai ya nemi kafa tsakanin duwatsu, ya taru, ya fita da gudu kamar korama. In ta yi ƙarfi, kafin ka ƙirga ɗaya ta yi mita 2, ba mai iyon da zai iya gaba da ita. Kuma a ido nan ne ya fi ko'ina kwanciya, don raƙumi ba ya fashewa a kanta. Ba ta jan mutum ƙasa, waje take kai shi. Gajiya ce ke kashewa. Faɗinta sau da yawa bai wuce mita 20 ko 30 ba. Wanda ta ɗauka ya kwanta bisa ruwa, ya ɗaga hannu a gan shi, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga cikinta. Ya ce su da gangan suke shiga cikinta da allo, ita ke kai su ciki ba wahala.

Likita ya yi shiru. Ai ya san wannan tun yana ɗan shekara goma. Ba wanda ke ƙetare Gulbin Maraɗi yana fuskantar ruwa, a karkace ake yanka shi. Amma gulbi yana da gaɓa biyu, kana ganin inda ya nufa. Bai taɓa zaton akwai gulbi cikin teku ba.

Ya tambayi saurayin aikinshi. Ya ce uban masunci ne a Oyistin, shi ma ya fara da jirgin uban. Da kifi ya ragu sai ya koma koya wa baƙi hawan allo. Yana tashi tun asuba ya duba iska da ruwa, ya san wace gaɓa za ta yi kyau yau, wace za ta kashe mutum. Abin da baƙo ke biya na koyon awa biyu ya kai kuɗin akuya mai kyau, amma akwai watannin da ba baƙo ko ɗaya. Shi ke biya wa ƙannenshi biyu kayan makaranta. Ranar Asabar kaɗai yake zuwa Batsheba ya hau don kanshi. Likita ya ciro kuɗi, saurayin ya ƙi karɓa. Ya ciro hularshi mai aiki daga jaka ya ba shi. Wannan ya karɓa, ya ɗora ta bisa tulin gashin, ta ƙi zama, sunka yi dariya har dattijon ya huce.

Da zai yi la'asar ya duba alƙibla, sai ta faɗa bisa teku, wajen gabas. Gida ma can yake. Hazon nan na kwance bisa ruwa. Bayan ya sallame ya tambayi dattijon abin da ya riƙe tun ranar da ya sauka. Dattijon ya ce: «Ƙurarku ce. Daga hamadarku take tasowa, ta yi kamar mako guda bisa iska, ta sauka mana. A watannin nan ta fi yawa. Tana sa masu ciwon ƙirji tari, tana ɓata mana mota.» Ya nuna wani tsauni can kudu, ya ce a gabashin tsibirin nan masana ke tace iska suna auna ƙurar, tun 1965. Na farkon ƙurar taurari sunka zo nema, sai sunka samu jar ƙasar Afirka. Kuma awon ya nuna cewa a shekarun fari, wajen 1973 da 1984, ƙurar da ke isowa ta ninka. Lokacin da shanu ke faɗuwa a Dakoro da Tanut, mutanen Barbados na share ƙasar makiyayan bisa tagoginsu, ba su san ta wa ce ba.

Likita ya shafa dutsen da yake zaune a kai, ya duba tafin hannunshi.

Ya iso gida ana saura kwana goma Layya, gero ya fara tsira. Ƴan uwa sunka taru. Ya ba da labarin tuwon masara da kifi mai fiffike da tsofaffi masu rawa. Tsohonshi bai damu da waɗannan ba, tambaya ɗaya ya yi: ragon da anka haifa ba ƙaho, ya halatta a yi layya da shi? Liman ya ce ya halatta. Wani ƙanen likita ya ce: «Yaya, tekun fa? Ka nuna musu iyon Madarunfa?» Likita ya ce: «Na shiga.» Sai bayan kwana biyu, cikin dare, ya gaya wa matarshi sauran.

Ran 1 ga watan Yuli na 2024 wata babbar guguwar teku mai suna Beril ta wuce ta kudancin Barbados. Ta lalata jiragen masunta fiye da 200. Likita ya ji a rediyo, ya aika saƙo ta WhatsApp, kwana huɗu ba amsa. Ran na biyar yana cikin yi wa garken wani Bafillace allura sai salula ta yi ƙara. Muryar saurayin ce, da ƙarar ruwa a bayanta: «Kawu, muna lafiya. Jirgin babana na cikin waɗanda sunka nutse. Allona yana nan, hularka ma tana nan. Ƙurarku ta iso jiya.»